Satar Zomayen Ɗakin Gwaji

Da safiyar Litinin aka tarar da tagar ɗakin gwaji a fashe, firiza a buɗe ruwa na ɗiga daga bakinta, kejin zomaye uku kuma babu ko ɗaya a ciki. Kafin ƙarfe tara labari ya zaga gari. Masu kiwon kaji suka cika ƙofar cibiyar binciken dabbobi, kowa na kallon na kusa da shi da gefen ido, don kowa ya san wanda ya yi wannan aiki ba don naman zomo ya yi ba.

Sajan ɗin 'yan sanda ne ya aika aka ɗauko Mai Sawu. Dattijo ne siriri, shekara talatin ya yi yana bin sawun shanun sata, har wuyansa ya saba da sunkuyo. Idan yana magana da mutum ƙafarsa yake kallo, mutane kan ɗauka kunya ce. Yana ratsa taron ya ji suna guda na yawo ƙasa-ƙasa a bakuna: Mai Kaji, wanda gonarsa ke bayan shingen cibiyar.

Manaja ne ya tare su a bakin ƙofa, idonsa ja. Shekara ashirin da biyu ya yi yana riƙe da gonar cibiyar, kuma babu wanda ba ya ganin girmansa, musamman tun makonni shida da suka wuce, lokacin da ya raba wa gidaje sama da ɗari biyu 'yan tsaki masu kyawun iri. Ya riƙe hannun Mai Sawu da hannu biyu, ya ce aikin ba zai yi wuya ba, sawun ɓarawon na nan ɓaro-ɓaro daga ƙarƙashin taga har shinge, ko makaho zai iya binsa.

Mai Sawu ya ce to, amma zai fara ganin mai kayan.

Dakta, likitar dabbobin da ke bincike a ɗakin gwajin, na zaune a ƙasa kusa da firizar, ta jingina bayanta da bango, farar rigar aikinta ta jiƙe daga ƙasa ba ta ma sani ba. Ya tambaye ta me aka ɗauka. Ta ce wata guda ke nan wata cuta na kashe kaji a yankin, kuma cututtuka biyu ne masu kama da juna a ido. Ɗaya tana jin magani. Ɗayar kuwa idan ta shiga gona, sai an kashe kajin duka an binne, in ba haka ba ta cinye na maƙwabta. Tun kafin annobar ta zo take shirin abin da zai bambance su. Takan kashe ƙwayar mummunar cutar, ta yi wa zomaye allurarta kaɗan-kaɗan, jininsu ya haɗa garkuwar da ke gane wannan ƙwaya ta damƙe ta. Wata takwas ta yi tana wannan, har ta tace garkuwar ta zuba a 'yan kwalabe arba'in. Ɗigo ɗaya a kan tsinken gwaji, a haɗa da majinar kaza, cikin minti goma sha biyar layi zai fito idan cutar ce.

"Ranar Alhamis za mu fara bin gonaki, Baba," in ji ta. "Yau kuma da safe na shirya gwada shi a kan kajinmu na nan, masu lafiya, don in tabbatar ba ya yi wa lafiyayyar kaza ƙarya. Yanzu babu kwalaben, babu zomayen da zan sake ɗibar jininsu. Wanda ya yi wannan ya san abin da yake yi."

Mai Sawu ya fita ya zagaya bayan ɗakin. An yi ruwan sama jiya Lahadi daga hantsi zuwa azahar, ƙasa ta yi laushi, ta riƙe komai. Sawun dogon takalmin roba ne, babba, ya taso daga ƙarƙashin taga ya miƙe zuwa shinge, kuma babu ɗigon ruwan sama a cikinsa, wato bayan an ɗauke ruwa aka yi shi. A jikin wayar shingen ga gashin zomo fari a maƙale. Sajan ya ciro shi yana murna. Sawun ya ƙetare, ya bi gefen wata gonar masara, ya hau kwalta daidai ƙofar gonar Mai Kaji, ya ɓace.

Mai Kaji ƙato ne mai murya, kaza dubu shida gare shi, kuma a gaban jama'a ya taɓa rantsuwa babu wanda zai cusa wa kazarsa tsinke a maƙogwaro. Da ya ga ɗan sanda a ƙofarsa sai muryar ta mutu. Ya ce ya faɗi maganar, ba zai musa ba. Ya kuma amsa cewa kajinsa na mutuwa, talatin, arba'in a rana, yana ɓoyewa don tsoron a zo a kashe masa sauran. Amma jiya tun safe yana asibiti wajen ƙanwarsa da ta haihu, sai bayan magariba ya dawo, a je a tambaya.

Sajan ya so ya tafi da shi. Mai Sawu ya ja shi gefe ya ce ya dakata. A hanyar komawa ya tsuguna a kan sawun, ya sa yatsa a cikin na dama, ya sa a na hagu. Zurfinsu ɗaya. Mutumin da ya ɗauko zomaye da kwalabe da ƙanƙara dole ya karkata gefe guda, dole ƙafa ɗaya ta fi nutsewa. Wannan kuwa hannu rabbana ya yi tafiyarsa, kuma a nitse, yana danna ƙafa kamar mai son a gani. A ƙarƙashin tagar ma babu alamar dirowa. Sawun ya fara ne kawai, kamar mutum ya zagayo ta kan siminti ya tsaya a wurin ya soma takawa.

"An shimfiɗa mana wannan ne, Sajan," ya ce. "Kayan ba su bi ta nan ba."

A ɗakin maigadi ya sami takalmin. Yana bayan ƙofa, laka ba ta gama bushewa a jikinsa ba, ƙasansa kuma ya yi daidai da sawun har da 'yar tsagar da ke dunduniyar hagu. Maigadin tsohon soja ne, Soja ma ake kiransa. Da aka nuna masa takalmin sai ya miƙe ƙyam kamar yana fareti, ya ce nasa ne, amma kwana uku bai sa shi ba, kuma jiya bai matsa daga ƙofa ba ko taku ɗaya. Mai Sawu ya kalli ƙafafunsa, ya ga yatsun na motsi a cikin silifa. Ya san ƙarya yake yi a wani wuri, sai dai bai san ko ina ba. Tazarar takun da ke cikin laka gajera ce, Soja kuwa dogo ne mai buɗa ƙafa.

Akwai wani sawun da ya gani tun farko bai ce komai ba: ƙaramin takalmin mace, daga ƙaramar ƙofar baya zuwa ɗakin gwaji da dawowa, duk ruwan sama ya farfasa shi. Matar da ke kula da zomayen ce kaɗai ke da irin wannan ƙafa. Uwar Zomaye ake ce mata, don takan yi musu hira kamar 'ya'yanta. Ta riga ta gaya wa Sajan rabonta da wurin tun Asabar.

Ya same ta a bayan sito tana kuka. Bai tambaye ta ko ta zo jiya ba, sai ya ce mata me ta ɗauka a hannun dama da za ta fita, mai nauyin kamar tulu ƙarami.

Ta ɗago a firgice. Daga nan magana ta ɓalle. Ɗaya daga cikin zomayen, macen da take kira Hajiya saboda ƙiba da jan aji, ta ƙi cin abinci tun Juma'a. Hankalinta ya kasa kwanciya, ta zo jiya da safe, ta saka ta a kwando ta tafi da ita gida don ta sa mata ido. Doka ta hana fitar da dabba daga ɗakin, shi ya sa da ta zo ta ga abin da ya faru ta kasa buɗe baki, tana tsoron a ce ita ta kwashe duka.

"Tana da rai?"

"Tana ƙarƙashin gadona, Baba. Da safen nan har ta ci ganye."

Ya ce ta share hawaye, ta gaya masa duk abin da ta yi kafin ta fita. Ta ce ta zuba wa sauran biyun ruwa, ta goge ƙasan ɗakin tas, sannan ta zubar da tsohon ruwan maganin da ke bakin ƙofa ta haɗa sabo.

Mai Sawu ya tsaya cak. A bakin kowace ƙofa a cibiyar akwai ɗan kwami na siminti cike da ruwan magani mai launin shuɗi-ja, wanda ma'aikata ke tsoma takalmi a ciki don kada su shiga ko su fita da cuta. Da safe ya ga tabon wannan ruwa a ƙasan ɗakin gwaji, ya ɗauka na ma'aikata ne na kwanakin baya. Idan kuwa an goge ƙasan jiya da safe, tabon na bayan gogewa ne.

Ya koma da sauri har Sajan na haɗawa da gudu. Ya kori kowa daga bakin ƙofar, ya durƙusa. Takun safiyar yau suna nan, sabbi, a hargitse. A ƙarƙashinsu ga busasshen tabon babban takalmin nan mai tsaga a dunduniya. Mai takalmin ta ƙofa ya shiga, da mukulli. Ya tsoma dama, ya tsoma hagu, sannan a gefen dakalin ƙofar ga tabo biyu rabin-wata, kusa da juna, inda ya buga dunduniya sau biyu don kakkaɓe ruwa. Da zai fita ma haka ya yi, tsomawa biyu da bugu biyu.

Mai Sawu ya miƙe tsaye. A shekara talatin bai taɓa ganin ɓarawon da ya tsaya wanke ƙafa ba. Wannan mutum ya tuna ya canza takalmi, ya tuna ya fasa taga, ya tuna ya maƙala gashi a waya, amma ƙafarsa ta yi abin da ta saba ba tare da ta shawarce shi ba.

Tabon fitar bai nufi shinge ba. Ya bi simintin da ya zagaya bayan ɗakunan kaji, na dama ya fi na hagu cika, yana dusashewa taku bayan taku, har ya ƙare. Inda ya ƙare babu komai a gaba sai wata ƙofar langa-langa da kwaɗo a jiki. Uwar Zomaye ta ce nan ne ake binne kazar da ta mutu, ɗaya ko biyu a mako, kuma rabon da a bar wani ya shiga an fi wata. Tun kafin Sajan ya karya kwaɗon wari ya gaya musu ba maganar kaza biyu ba ce.

Rami ne mai faɗin ɗaki, an barbaɗe shi da farar ƙasa. Sajan ya sa shebur sau ɗaya ya ja da baya yana toshe hanci. Kaji ne jibge a kan kaji, ɗaruruwa, wasu sun ruɓe, wasu na jiya-jiya, dukansu da zoben cibiyar a ƙafa. A saman tarin ga zomaye biyu an murɗe musu wuya, ga kular ƙanƙara a kife, 'yan kwalaben a farfashe a cikinta. Uwar Zomaye ta zube a wurin. Dakta da aka kirawo ta tsaya a bakin ramin hannunta a kan baki, ta kasa ko ƙifta ido. Ita a ɗakin gwaji take wuni, rahoton da ake kawo mata kullum kuwa cewa yake kajin cibiya lafiya lau.

Mai Sawu ya tsaya yana kallon zoben. Irinsa ne a ƙafar 'yan tsaki ashirin da matarsa ta karɓo a rabon nan, waɗanda take kwana tana tashi da su, ta haɗa su da tsofaffin kajinta. Shekaranjiya ta ce masa biyu sun yi sanyi. Ya ce wa Sajan a tara masa mutum biyar a ɗakin gwaji, kuma kada a gaya wa sauran abin da aka gani.

Ya sa aka goge dakalin ya bushe, ban da tabo biyun nan na jiya. Ya shiga ciki ya zauna a kan kujera yana fuskantar ƙofa, kansa a sunkuye kamar kullum, aka riƙa shigo da su ɗaya bayan ɗaya. Mai Kaji ya tsallake kwamin gaba ɗaya, bai ma lura da shi ba. Soja ya tsoma ƙafa ɗaya ya wuce. Dakta ta tsoma biyu ta shige tana ɗiga. Uwar Zomaye ta tsoma biyu ta goge a buhun da ke gefe. Manaja ya zo a ƙarshe yana tambayar Sajan ko an samu wani abu. Ya tsoma dama, ya tsoma hagu, ya buga dunduniya sau biyu a gefen dakali, ya shigo.

Mai Sawu ya yi fatan a ce wani ne.

Ya fara da Soja. Ya ce masa an ga takalminsa a wurin laifi, kuma idan bai faɗi inda ya je jiya ba, shi zai kwana a caji ofis. Soja ya kalli Manaja, Manaja ya kalli bango. Sai Soja ya ce bayan an ɗauke ruwa Manaja ya zo ya ce masa ya je gida ya huta zuwa magariba, shi zai zauna a madadinsa, amma kada ya gaya wa kowa don kada a ce ya bar bakin aiki.

Manaja ya yi 'yar dariya, ya ce tausayin tsoho ne ya ja masa, kuma ai sawu ya nuna inda ɓarawo ya nufa.

"Sawun da ya nufi shinge bai ɗauki komai ba, Yallaɓai," in ji Mai Sawu. "Wanda ya ɗauki kaya bayan ɗakunan kaji ya bi. Mun buɗe ƙofar langa-langar."

Ya tashi ya nuna masa tabo biyu na jiya a gefen dakalin, waɗanda ya hana a goge, da tabo biyu na yanzu da ba su bushe ba, a jere da juna.

Manaja ya daɗe yana kallon dakalin, sannan ya laluba kujera ya zauna. Da ya fara magana muryarsa ta zama ta wani tsoho. Ya ce kwana uku kafin rabon 'yan tsakin ya ga iyayen kajin sun fara mutuwa. An riga an sanar da rana, an gayyaci manya, mata sun yi rajista, sai ya ce wa kansa zafi ne, zai wuce. Ya raba. Bayan mako biyu da aka fara kuka a gari, ya gane abin da ya aika gidajen mutane. Daga nan kullum da asuba shi yake kwashe matattun da hannunsa kafin ma'aikata su zo, yana cike gurbinsu daga wani ɗakin. Ranar Juma'a da Dakta ta ce masa Litinin za ta fara gwaji da kajin cibiya, ya san layin zai fito a tsinke na farko.

Dakta ta ce, a hankali, "Wata guda kana zama da ni a taro muna neman inda cutar ta fito."



Mai Kaji ne ya tashi. Kowa ya zaci duka zai kai, har Sajan ya matso. Amma tsayawa kawai ya yi a kan Manaja. Ya ce shi ya tsaya wa Manaja a wajen ɗaurin auren 'yarsa, kuma tsaki ɗari biyar ya karɓa daga hannunsa ya zuba cikin dubu shida, yau kuma ƙofarsa aka kai sawu. Ya juya wurin Dakta ya ce gonarsa a buɗe take, ta fara da shi, duk abin da ya kama a yi.

Sajan ya fita da Manaja ta ƙofar baya saboda taron da ke waje.

Uwar Zomaye ta tafi ta dawo da kwando a rungume. Dakta ta duba zomanyar, ta taɓa kunnenta, ta ce jinin guda ɗaya ba zai ba da kwalba arba'in ba, amma zai ba da abin da za a fara da shi nan da kwana huɗu. Kafin nan dole a bi duk gidan da ya karɓi tsaki a hana fitar da kaza ko ƙwai. Ta ɗauko takardar rabon daga ofishin Manaja, gida ɗari biyu da goma sha huɗu, ta ce wasu sun sayar, wasu sun yi kyauta, ba ta san yadda za ta gano inda suka ƙare ba. Ta tambayi Mai Sawu ko zai taya ta.

Ya karɓi takardar ya bi ta da yatsa har ya kai layi na sittin da uku. Ya ce zai taya ta, amma a fara da wannan gidan, ya san hanya.

Da suka isa, matarsa na tsakar gida tana watsa wa kaji tsaba, sun kewaye ta, manya da ƙanana. Ta ga baƙuwa da farar riga a bayansa, ta saki fara'a ta ce bari ta kawo tabarma. Ya ce ta bar tabarmar tukuna. Ya mayar da ƙofar gidan ya rufe, ya karɓi kwanon tsabar daga hannunta ya ajiye a ƙasa, ya ce mata ta zauna, akwai maganar da zai gaya mata.